Safar matsi, bayan wata 4 a ƙafata

Shekara 9 ke nan ina sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, nan Yamai. Mutane na zaton mai anastezi zaune take tana kallon na'ura. Ranar gardi, wato aikin kwana a asibiti, in sezariyan (tiyatar haihuwa) uku suka zo a jere, kujerar nan sai da asuba nake ganinta. Can da na cire takalmi sai in ga shatinsa ya nutse a ƙafata kamar a ƙullun fanke.

Wani likitan tiyata da muke aiki tare ya ce, "Ƙanwata, sayi safar matsi." Na je farmasi da yamma, mai shagon ta ƙi sayar mini. "Hajiya, ƙafarki ta kumbura, ki dawo da sassafe in auna." Na ji haushi, amma gaskiyarta. Washegari ta zagaya idon sawu da sha-raɓa da mita, ta ba ni mai lamba 2, ƙirar Faransa, jika 15. Matsinta 15 zuwa 20 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsi) ne a idon sawu, yana sassautawa zuwa gwiwa, shi ke taya jijiyoyi mai da jini sama.

Ta yi aiki. Kumburi ya ragu sosai, ina iya tsayuwa sallar asuba bayan gardi ba tare da na dafa bango ba.

Sai dai sa ta kokawa ce, minti biyar ina nishi. Ga zafin Afrilu, sama da 40. A kan babur kamar na tsoma ƙafa a tukunya. Wanki da hannu, shanya a inuwa. Mai ciwon toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa kuma kada ya sa sai likita ya duba shi.

Abin da ba ta taɓa ba shi ne ɗayar gajiyar, ta rai ba ta ƙafa ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ambata a 2019 a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, ka ga kamar ba ka tsinana komai. Na san ta. Akwai daren da wata uwa ke kuka kafin in sa mata allurar baya, na ji ban ji komai ba, sai ƙidaya saura nawa. Wannan sai da muka zauna da majo, shugaban ma'aikatan jinya na sashenmu, aka gyara jerin gardi, aka daina haɗa mini biyu a jere.

Ƙarshen wata zan ƙaro ta biyu, baƙa, don farar tana nuna tabon Bétadine, maganin da ake shafa wa fata kafin tiyata.