Farantin µ-Slide Chemotaxis: Ya Dace da Gwajin Ƙwayoyi a Ruwan Gishiri?

Kamfanin ibidi na ƙasar Jamus ya ƙera wannan faranti ne domin kallon yadda ƙwayoyin halitta ke bin sinadari, amma yana yin aiki wajen nuna difiziyoforesis, wato tafiyar da ƙananan ƙwayoyi ke yi idan gishiri ya fi yawa a gefe ɗaya, abin da Derjaguin ya bayyana tun 1947.

Ɗakuna uku ne a kan farantin. Kowanne yana da rumbunan ruwa biyu, siririyar hanya ta haɗa su, tsawonta milimita 1, zurfinta maikiromita 70 (maikiromita 1,000 ne milimita 1). Wannan ƙuncin shi ne amfaninsa: ruwa ba ya gudu, gishiri ne kawai ke ratsawa. Ana zuba ƙwayoyin folistirin (wani nau'in roba) masu ƙyalli a hanyar, gishirin girki milimola 10 (ma'aunin yawan gishiri a ruwa) a rumbu ɗaya, milimola 0.1 a ɗayan. Cikin minti goma ko sama da haka bambancin zai daidaita, ya kuma daɗe.

Zaɓin gishiri ne ke yanke hukunci. A cikin ruwa, gishirin girki yana rabuwa zuwa ayon biyu, wato ɓangarori masu caji: sodiyam da kuloraid. Kuloraid ya fi sodiyam saurin bazuwa da kusan rabi, sai ƙaramin ƙarfin lantarki ya samu, ya ja ƙwayoyi masu cajin negatif zuwa gefen gishiri. Da fotasiyam kuloraid kuwa, ayon biyun kusan kunnen doki suke, ƙarfin ya yi rauni, tafiyar ta ragu. Ƙara gishiri ba ya ƙara sauri. Ninkin da ke tsakanin rumbunan ne ke aiki. Idan gishirin ya yi yawa ma, ƙwayoyin su dunƙule.

Inda farantin ya gaza shi ne sauri. Milimita ɗaya hanya ce mai tsawo, don haka tafiyar ba ta cika wuce maikiromita ɗaya a daƙiƙa ba. Ƙwayar maikiromita 1 kuma tana nutsewa ƙasa cikin minti arba'in, a can bangon ma yana jan ruwa, awo ya gurɓace. Gara a yi amfani da na maikiromita 0.5, a saita maikiroskof a tsakiyar hanyar.

Kumfa ita ce babbar matsala. A ajiye faranti da ruwa a zafi ɗaya tun kafin zubawa, a danna matosan da ke rufe ramukan zuba ruwa sosai. Matoshi ɗaya ya yi sako-sako, ruwa ya kwashe komai. Ɗaki na uku a bar shi da gishiri daidai a gefe biyu don kwatantawa.

Don koyarwa da gwajin farko ya isa. Mai son auna sauri daidai-wa-daida ya nemi siririn bututu mai rufaffen ƙarshe.