Hannun mashin mai ɗumi, rufin hannu ko safa: wanne za ka saya kafin hunturu ya kankama?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Bauchi bayan sallar asuba a watan Janairu ya kama hanyar Jos a kan mashin ya san zancen da zan yi. Har Zaranda da sauƙi, amma da ka wuce Nabordo ka doshi Magama Gumau ka fara hawa wajen Tilden Fulani to sai dai addu'a, iska ce take dukan bayan hannunka ba ƙaƙƙautawa har yatsun su ƙage. Ni hanyata ce, sau biyu a sati nake binta, kuma abin da ya sa na ɗauki maganar nan da gaske birki ne. Wata safiya awaki suka yanko min titi, na kai hannu zan damƙe birkin gaba sai naji yatsun kamar ba nawa ba, Allah ya taimaka na taka na ƙafa. Tun ranar na fara neman mafita, kuma kusan duk abin da zan lissafa a nan na gwada shi da kuɗina.

Wanda aka fi tambayata a kai shi ne hannun roba mai ɗumi, wato ka cire robar hannun mashin ɗinka ka sa wata mai siririyar waya a ciki wadda take ɗaukar zafi idan wutar batir ta bi ta. Sanannen kamfani a wannan fannin shi ne Oxford na ƙasar Ingila, akwai kuma Koso, sai tarin na Caina marasa suna. Mai kyau ɗin yana zuwa da ɗan akwatin maɓalli da kake ƙara zafi ko ragewa mataki-mataki, da fis ɗinsa, wasu ma suna kashe kansu in sun ji injin ya mutu don kar su cinye batir. Daɗinsa ba a magana, minti kaɗan da tashi tafin hannunka ya ɗau ɗumi kamar ka riƙe kofin shayi. Ba kasafai za ka same shi a shagunan kayan mashin na gari ba, yawanci sai an yi oda ta intanet, kuɗinsa kuma yana bin dala ne.

Amma ɗan'uwa kafin ka tura kuɗi tsaya ka duba mashin ɗinka, nan ne mutane suke faɗawa. Irin wannan hannun yana jan wuta wajen amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12 idan ka ƙure shi, wato wat 40 ko kusa da haka, kaga ya kai ko ya ɗara ƙwan fitilar gaba mai wat 35 da ke kan yawancin ƙananan mashina. Su waɗanda suka ƙera shi manyan mashina suka yi wa, masu wutar da ta wadata. Mu kuma me muke hawa? Boxer, Jincheng, Haojue, TVS, masu ƙaramin batir, kwayil ɗinsu da cajarsu an yi su ne daidai fitila da hon da sigina, ba a bar rara mai yawa ba. In kana gudu a doguwar hanya injin yana juyawa sosai zai iya ɗauka, amma a cikin garin Bauchi, ka tsaya a Wunti ka tsaya a Muda Lawal injin yana silo fitila a kunne ga hannu yana ja, batir ne yake biyan bashin. Batir mai 5Ah in abu yana jan amfiya 3 babu caji ko awa biyu ba zai yi ba, kuma tun kafin nan sitata ta daina amsawa, ga shi dama batir yana yin rauni da sanyi. Gwajin ba wuya, ka je wajen mai wayarin ya ɗora mita a kan batir. Mashin a kashe ya kamata ka ga bolt 12.5 ko sama da haka kaɗan, in an tayar an ɗan ba shi wuta da fitila a kunne ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai 13 ba tun kafin ka ƙara masa kaya, to ka ajiye zancen hannu mai ɗumi ka gyara caji tukuna.

Abu na biyu da masu talla ba sa faɗa, tafin hannu kawai yake ɗumamawa. Sanyin mu kuwa ta baya yake shiga, ta kan gaɓoɓin yatsu da babban yatsa da yatsu biyun nan da kake ɗorawa a kan ƙarfen birki da kuloci. Na taɓa isa Tilde tafina har da gumi amma bayan hannun ya yi fari fat ya bushe. Shi yasa shi kaɗai ba ya wadatarwa sai an tare iskar.

Akwai masu araha iri biyu. Ɗaya faifai ne siriri da ake liƙawa a jikin ƙarfen kan mashin sannan a mayar da tsohuwar roba a kai, makunninsa ƙasa ne da sama kawai, yana aiki amma wayar ɓangaren totur ce take saurin tsinkewa saboda murɗawa. Ɗayan kuma naɗawa ake yi a kan robar a ɗaure, yana aiki da USB, bolt 5 amfiya 2, wat 10 kenan, har da fawa bank ɗin waya zai tashi. Ga mai ƙaramin mashin wannan bai da haɗari ga batir, zafinsa ne dai kaɗan, yana ƙara wa hannun kauri, kuma in bai ɗauru tamau ba yana zamewa lokacin da kake murɗa totur, abin da ni ban yarda da shi ba sam.

Yanzu ga wanda ni nake ba yawancin mutane shawara, rufin hannu. Kamar jaka ce mai kauri da ake ɗaurawa a kan mashin ta rufe roba da ƙarfen birki gaba ɗaya, kai kuma ka zura hannunka ciki. Ba waya, ba batir, ba mai wayarin, kuma maganin ainihin ciwon yake yi tunda iskar ce ba ta isa fatarka. Ko ba ka samu na kanti ba mai ɗinkin kujerar mashin zai ɗinka maka da leda da soso in ka kai masa hoto, nawa na farko haka aka yi shi. Sai dai ka kula da abu biyu. In rufin ya yi laushi da yawa iska tana tura shi ya danna ƙarfen birki ko kuloci kana cikin gudu ba ka sani ba, don haka a sa masa wani abu mai tauri a gaba, ko ka fara ɗaura garkuwar hannu ta roba irin ta mashinan daji sannan rufin ya hau kanta. Na biyu ba ka ganin maɓallan hon da sigina, kuma bakin ya zama mai faɗi yadda za ka zare hannu ka mayar da sauri, ka saba da shi a layinku kafin ka hau babban titi.

Safar hannu kuwa dole ce ko me ka saya, ko don faɗuwa. Ta ulu ɗin nan da ake sayarwa a bakin kasuwa iska tana ratsa ta kamar rariya, ga santsi. Ka nemi ta fata ko mai bayan da iska ba ta shiga, mai dogon wuya da zai hau kan hannun riga, kuma kar ta matse ka don matsewa tana hana jini gudu sanyin ya ƙaru. In za ka sa hannu mai ɗumi ka zaɓi mai siririn tafi, mai kauri tare zafin take yi.

To in mashin ɗinka ya ci gwajin mita kuma doguwar tafiya kake yi kamar ni, ga abin da za ka lura wajen saye da ɗaurawa. Yawancin mashinan mu kaurin ƙarfen kansu milimita 22 ne, akwai masu inci ɗaya wato 25 na wasu manyan mashina, kar ka yi kuskuren oda. A cikin kwalin za ka ga ramin ɗaya ya fi ɗaya faɗi, mai faɗin na dama ne tunda a kan bututun totur yake zama. Ka auna tsawon tsohuwar robar ka ma, da yawa wajen milimita 120 ne, in sabuwar ta yi tsawo akwai iyakar inda aka yarda a yanke, ka wuce nan ka datse wayar ciki shikenan ta mutu. Bututun totur yana da 'yan tudu-tudu, a goge su da fayil har hannun ya shiga da turi, ban da duka da guduma. Ku gwada shi a bushe tukuna ku ga inda wayar za ta kwanta ba ta taɓa ƙarfen birki ba, a bar mata sassauci a dama yadda totur zai murɗu har ƙarshe, a juya kan mashin hagu da dama a tabbata ba ta ɗamewa, sannan a sa gam. Gam ɗin yana kamawa nan take, ba ka da lokacin gyara, kuma ka bar shi ya kwana kafin ka hau.

Wajen wuta ne aka cuce ni karon farko. Wani mai wayarin ya ɗaura min na Caina kai tsaye a kan batir babu fis babu komai, ya murɗe wayoyin da hannu ya naɗe da salatif. Na dawo gida da magariba na manta ban kashe ba, da asuba ko hon bai yi ba. Abin da ya dace a ce masa shi ne ya sa rile, ƙaramin makunni ne mai araha da wuta take kunna shi, wutar ta fito daga batir ta bi ta fis mai amfiya 5 ta shiga rile, shi kuma rilen ya samu umarni daga wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli, irin ta hon ko fitilar birki. Kar ka yarda a ɗauko daga wayar fitilar gaba, a ƙananan mashina da yawa wutarta daga kwayil take zuwa kai tsaye ba ta batir ba, tana hawa tana sauka da gudun injin, za ta lalata maɓallin kuma fitilarka ta dushe a hanya cikin hazo.

In an gama za ka ji na hagu bai kai na dama zafi ba, ba lalacewa ba ce, ƙarfe ne yake shanye zafin tunda shi ba bututun roba a ƙarƙashinsa. Kuma kafin ka bar wajen, mashin a kashe, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki, dole ya koma da kansa fat. In ya tsaya ko yana dawowa a hankali to gam ya shiga inda bai kamata ba ko robar tana gogar wani abu, kar ka tayar sai an gyara.