De Sica ko Benigni: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya

Ɗan'uwa, ka ce a cikin jaruman Italiya da suka koma rubuta labari da ba da umarni, wa ya fi tsakanin Vittorio De Sica da Roberto Benigni. Ni De Sica zan ɗauka, kuma ba don ya riga shi zuwa duniya ba.

An haifi De Sica a garin Sora a 1901. A shekarun 1930 shi ne ɗan kwalisan finafinan soyayya, har waƙa yana yi. Da ya kama ba da umarni a 1940, sai ya fara janye fuskarsa daga gaban kyamara. A Ladri di biciclette na 1948, labarin talakan da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi a Rum, ya tsallake duk taurarin ƙasar ya ɗauko Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta da bai taɓa fim ba. Labaran ma tare da Cesare Zavattini suke ƙulla su, don haka rabin yabon rubutun na Zavattini ne. Finafinansa huɗu sun ci Oscar na finafinan ƙasashen waje. Bai daina fitowa a finafinan wasu ba kuwa, don caca ta cinye masa kuɗi, da kuɗin fitowar yake toshe bashi.

Benigni, haifaffen 1952 a yankin Toskana, ɗan barkwanci ne da ya riƙe gaban kyamara gam bayan ya zama darakta a 1983. Shi ne jarumin, matarsa Nicoletta Braschi ce jarumar. La vita è bella na 1997, wanda suka rubuta da Vincenzo Cerami, ya ci Oscar uku, har da na gwarzon jarumi. Uba ne yake ɓoye wa ɗansa azabar sansanin 'yan Nazi, yana ce masa wasa ake yi. Mahaifin Benigni kansa ya yi zaman tsare a wani sansanin 'yan Nazi a Jamus, shi ya sa fim ɗin yake da ciwo duk da dariyar.

Matsalar ita ce fim ɗin Benigni yana tsayuwa ne da Benigni. Da ya fito a matsayin Pinocchio, ƙaramin yaron katako na tatsuniya, a 2002 yana ɗan shekara 50, Amurkawa suka yi masa ca. De Sica kuwa ya iya ciro wasa daga jikin wani: a hannunsa Sophia Loren ta ci Oscar da La ciociara na 1960.

In kana da lokacin fim ɗaya kacal, fara da na keken.