Shagon da ya gyara min intanet ɗin laptop ba tare da formatin ba

Jama'a akwai wani ɗan ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a cikin Farm Centre nan Kano da ya kamata in yaba masa, don wallahi ya fitar da ni daga damuwa. Kwana uku laptop ɗina tana kama wayfai ɗin MiFi, ƴar na'urar nan mai ba da intanet, amma ko Google ba ta buɗewa, ga data akwai, ga wayata a kan MiFi ɗin nan tana WhatsApp lafiya lau. Mai gyaran da na fara kai wa ko gama kunna ta bai yi ba ya ce sai an yi formatin, ni kuma duk takardun aikina suna ciki, sai na ɗauke abata na ƙara gaba.

Yaron wannan shagon bai taɓa komai ba sai da ya ji bayanina har ƙarshe, sannan ya ce "Baba bari mu fara ganin lambobinta tukuna." Ya buɗe cmd, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta ipconfig, ya juyo min da fuskar laptop ɗin ya ɗora yatsa a kan layi biyu, lambar IP, wato adireshin laptop ɗin, tana 192.168.1.50, default gateway kuma 192.168.1.1. Sai ya karɓi MiFi ɗin, Huawei ce, ya ce ai wannan tata lambar 192.168.8.1 ce. Ya ce min gateway kamar zauren gida ne, duk saƙon da zai fita waje ta nan yake bi, ita kuma laptop ɗin tana ta neman zauren wani gida daban. Nan take na tuna a ofis ne aka saka mata lambobin da hannu saboda firinta.

Gyaran kansa bai kai minti biyar ba, ya danna Windows da R ya rubuta ncpa.cpl, ya shiga properties na wayfai, ya buɗe IPv4 ya mayar da IP da DNS (mai fassara sunan shafi zuwa lamba) duka su riƙa zuwa da kansu daga MiFi, ya yi ipconfig /release da /renew sai ga sabuwar lamba mai farawa da 192.168.8, ya yi ping na gateway, wato ya tura masa ɗan saƙon gwaji, ya amsa, ya yi na 8.8.8.8, wata lambar Google a intanet, shi ma ya amsa. Amma abin da ya fi burge ni, kafin ya canza komai sai da ya rubuta tsofaffin lambobin a takarda har da subnet mask 255.255.255.0, ya ce in na koma ofis firinta ta ƙi, su zan mayar. Wannan shi ne mutumin da ya san darajar kayan mutane. Ya kuma ce duk ranar da na ga lambar ta fara da 169.254 to laptop ce ba ta samu lamba daga MiFi ba, in fara kashe MiFi ɗin in kunna kafin in kai wa kowa.

Inda suke da rauni shi ne wurin zama, benci ɗaya ne, ga ƙarar janareta, kuma shi kaɗai ne a shagon don na yi kusan minti 40 kafin layi ya zo kaina. Naira 2,000 ya karɓa. Takardar nan na manna ta a ƙasan laptop ɗin da salatif, ranar Litinin da ita na haɗa firintar ofis da kaina.