Zaman Shari'a a Masallatan Legas: Inda Yake Aiki da Inda Hannunsa Bai Kai Ba

Duk Bahaushen da ya daɗe a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san cewa idan rigimar aure ko ta gado ta tashi, ba kotu ake fara nufa ba. Wurin liman ake zuwa, in ta gagara a kai fadar Sarkin Hausawa, in nan ma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai ka ji wani ya ce a kai ta gaban kwamitin Shari'a. Wannan mataki na uku muka ɗora a sikeli, domin mutane da yawa suna shiga da zaton kotu ce irin ta Kano ko Gusau, su fito da takardar hukunci a hannu, su kai banki, banki ya ce bai san zancen ba.

Jihar Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati. Sashe na 275 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan tana buƙata, sashe na 277 kuma ya iyakance aikinta ga aure, saki, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado. Legas ba ta kafa ba. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999 ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohin Arewa suka bi har suka kai 12, Musulmin ƙasar Yarbawa sun nemi nasu rabon ba su samu ba, sai suka kafa kwamitoci masu zaman kansu a 2002, a Ibadan da Legas. Na Legas an fi saninsa da zamansa a babban masallacin Abesan da ke Ipaja. A idon doka, wurin sulhu ne da mutane ke zuwa don raɗin kansu. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan yari, ba shi da ma'aikacin da zai je ya kulle shago.

Ta fuskar addini kuwa yana da madogara mai ƙarfi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Malaman Malikiyya sun ce inda babu alƙali, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa, har su raba auren matar da miji ya ɓace ko ya daina ciyarwa. Su ɗin dai suka ce wanda mutum biyu suka naɗa ya yi musu hukunci ba shi da hurumin haddi ko ƙisasi. Saboda haka mai fatan a yanke wa ɓarawon shagonsa hannu a Ipaja, fikihun ma bai ba shi ba, balle doka.

Tsarin shigar da ƙara ba shi da wuya. Mai ƙara ya rubuta kokensa wurin magatakarda, ya biya kuɗin da bai kai abin da lauya zai karɓa don buɗe fayil kawai ba, a aika wa wanda ake ƙara takardar gayyata, a sa rana. A zo da takardar ɗaurin aure in akwai, da waliyyi ko wakilinsa, da shaidu biyu da suka halarci ɗaurin auren, da shaidar adadin sadaki. In gado ne, a zo da takardar shaidar mutuwa, jerin magada kaf har da cikin da ba a haifa ba, takardun fili ko gida, da lissafin bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne rashin rubutu: an ɗaura aure a ƙauye shekara 15 da suka wuce, limamin ya rasu, shaida ɗaya yana Agadas, sadakin ma wannan ya ce dubu 30, waccan ta ce dubu 50. Sannan zama a Legas yakan gudana da Yarbanci ko Turanci, don haka wanda Hausa kaɗai yake ji ya nemi tafinta amintacce, ba ɗan'uwan abokin shari'arsa ba.

Inda wannan hidima ta fi burge mu shi ne matsalar mata. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci, in ta nufi kotun gargajiya, masu hukuncin da za ta tarar ba fikihu suka karanta ba, kuma ko sun ce sun raba auren, zuciyarta ba za ta natsu ba, manemi ma ba zai matso ba. A gaban kwamiti kuwa ana bambance mata abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: sakin da miji ya furta, hul'in da mace ke fansar kanta ta mayar da sadaki, da raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, wanda ba ta biyan ko kwabo. Maza da yawa suna ƙuntata wa mace da gangan don ta nemi hul'i su karɓe kuɗi, har su haɗa da lefe da kuɗin motar da aka kawo amarya daga gida. Malamin da ya san aikinsa, in cutarwa ta tabbata da shaidu, ba ya barin a kai ga hul'i. Ana kuma ƙirga mata idda daidai: tsarki uku, mai ciki sai ta haihu, mai takaba wata 4 da kwana 10.

Lissafin gado ma hannunsu ya faɗa. A ce ɗan kasuwar shanu a Oko-Oba ya rasu. An cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, saura naira miliyan 24. Ya bar mata 2, mahaifiya, 'ya'ya maza 2 da mace 1. Matan su raba tumuni, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Sauran miliyan 17 a kasa gida 5: kowane namiji miliyan 6 da dubu 800, mace miliyan 3 da dubu 400. A zama ɗaya ana iya gama wannan, kowa ya ga inda rabonsa ya fito.

Daga nan ne matsala take farawa. Kuɗin yana banki, banki kuwa ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar izinin kula da dukiya daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha, wadda ake ba mutum biyu zuwa huɗu bayan an cike fom, an buga sanarwa a jarida, an biya wani kaso na ƙimar dukiyar. Kamfanin fansho ma ita yake nema. Sauya sunan mai gida ko fili kuma sai da amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Takardar kwamiti tana faɗa wa magada yadda za su raba, amma ba ta buɗe asusu.

Tarkon da ya fi wannan muni shi ne auren rajista. Mutum ya je ofishin rajistar aure na Ikoyi da uwargida sun sa hannu saboda neman biza ko buƙatar wurin aiki, yana ganin takarda ce kawai. A doka, wannan aure na mace ɗaya ne, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, saki uku ba ya taɓa shi, kuma auren amaryar da aka ƙara daga baya ba shi da matsayi. In ya rasu babu wasiyya, uwargida tana iya kai magana kotu a raba da dokar gado ta jiha: ita ta ɗauki kayan gida da aƙalla sulusi, 'ya'ya maza da mata su raba daidai wa daida, mahaifiya da amarya su tashi a tutar babu. 'Ya'yan amarya dai sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna wariya saboda yanayin haihuwa, ya kare su. Duk lissafin miliyan 24 ɗin nan ya rushe, sai fa in uwargidar ta zaɓi bin hukuncin Allah da kanta. Mun ga ya kamata magatakarda ya riƙa tambayar ko an yi auren rajista tun a fom na farko.

Haka batun gayyata. Wanda ya ƙi zuwa, babu mai kamo shi. Miji ya karɓi takarda ya cusa a aljihu, ya hau motar Sakkwato, shi ke nan. Ana iya raba auren a bayan idonsa bayan an ba shi wa'adi, amma kuɗin ciyar da yara da aka yanke masa kowane wata ba mai karɓowa. Riƙon yara ma, Malikiyya ta ba uwa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma in uba ya ɗauke su da ƙarfi, kotun iyali ce ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta Legas ta 2007 ke da ikon dawo da su. In kuma akwai duka da rauni, kada a tsaya jiran ranar zama: asibiti, rahoton likita, 'yan sanda, sannan maganar aure.

Akwai hanyar ba hukuncin haƙora, mutanenmu ne ba su cika bin ta ba. Tun kafin a fara zama, ɓangarorin biyu su sa hannu a rubuce cewa sun yarda da masu hukuncin, musamman a rigimar bashi da kasuwanci, inda dokar sasanci ta tarayya ta 2023 da ta Legas ta 2009 ke aiki. Bayan an cimma matsaya, a rubuta ta dalla-dalla: nawa, wa zai biya, ranar nawa ga wata, a wane asusu. Sai a nemi lauya ya bi da ita ta Lagos Multi-Door Courthouse, cibiyar sasanci da ke haɗe da kotu wadda aka buɗe a 2002, inda alƙali ke sa hannu yarjejeniya ta zama hukuncin Babbar Kotu. Mara hali yana da cibiyar sulhu ta ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta ce. Mai dukiya kuma ya rubuta wasiyya a gaban lauya yana da rai, ya ce a raba bisa Shari'a, ya ambaci masu rabawa. Tun a shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wasiyyar da aka rubuta bisa dokar boko tana rinjaye, to gara a sa wannan ƙarfi ya yi wa Shari'a aiki.

Masu cewa maganin duka shi ne a mayar da umarnin addini dokar jiha, muna tare da su a wuri ɗaya, mun rabu a wani. Kotun aure da gado ga Musulmin da ke so, haƙƙi ne da tsarin mulki ya riga ya buɗe ƙofarsa, ba ta taɓa wanda ba Musulmi ba, kuma rashinta mata da marayu ne ke biyan kuɗinsa. Wannan ya cancanci a nema da ƙarfi, duk da hayaniyar da aka yi a farkon 2025 kan kwamitocin Oyo da Ekiti ta nuna yadda kalmar Shari'a kaɗai ke tayar da hankalin maƙwabta. Amma dokar laifuka wani abu ne daban. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce babu laifi sai wanda rubutacciyar doka ta ambata, ke nan 'yan majalisar dokokin jiha su 40 da ke zama a Alausa, Musulmi da Kirista, su za su rubuta, 'yan sandan da muka sani su za su kama. A garin da gida ɗaya za ka tarar da alhaji da fasto uwa ɗaya uba ɗaya, wa za a kama, wa za a bari? Kuma ƙofar da aka buɗe a nan, da ita za a shiga wa Bahaushen Fatakwal da Inugu da dokar wani addinin. A Arewa ma, hukuncin jifa da ƙananan kotuna suka yanke wa Safiya Husaini da Amina Lawal, kotunan Shari'a na sama ne suka soke a 2002 da 2003 saboda an saɓa ƙa'idojin fikihu wajen shari'ar. Babbar nasarar da Musulmin Legas suka samu kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya halatta hijabi a makarantun gwamnati, ta ƙofar 'yancin addini na sashe na 38 ta shigo.

Wanda rigimarsa ta rashin sani ce, kuma abokin shari'arsa mai jin kunyar malamai ne, ya je kwamiti, zai samu biyan buƙata da arha. Wanda abokin shari'arsa ya riga ya sayar da fili ko yana shirin kwashe kuɗi, ya fara da lauya a samo umarnin kotu na dakatarwa, sannan a zauna sulhu. Kowanne ya zaɓa, kada ya tashi daga zama sai da kwafin hukunci mai hatimi, da sa hannun ɓangarorin biyu da na shaidu a kowane shafi.