Haƙoran roba: sai da aka auna min muƙamuƙi na samu sakewa

Ina karantar da yara a makarantar allo a Agege, don haka bakina shi ne jarina. Bayan an cire min sauran haƙorana, sau biyu ana yi min haƙoran roba, sama da ƙasa. Na biyun nake son yabawa, domin na san dattawanmu da yawa a Legas da suka jefa nasu cikin aljihu suka haƙura.

Wanda ya yi min na farko siffar dasashina kawai ya ɗauka. A madubi sun yi kyau, amma da na fara biya karatu sai su riƙa karo da juna, ƙas-ƙas, musamman wajen furta haruffan sinun da sadi. Kafin la'asar muƙamuƙina ya gaji kamar na yini ina tauna ganda.

Ɗana ne ya kai ni wani asibitin haƙori. Likitar ta ɗiga min alama a kan hanci da haɓa, ta ce, "Baba, haɗiye yawu, ka saki bakinka." Ta auna tsakanin alamun, ta sa na cije, ta sake aunawa. A wurinta na fara jin cewa idan mutum yana zaune shiru, leɓɓansa a rufe, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna. Akwai ɗan fili na milimita 2 zuwa 4 inda muƙamuƙi ke hutawa. Wajen furta "s" kuwa suna kusantar juna ƙwarai amma ba su haɗu. Tsofaffin nawa sun yi tsayi, sun cinye filin nan kaf. Ta ce da gajarta suka yi, da fuska ta lotsa, gefen baki ya riƙa tsagewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da ta yi tun sababbin haƙoran suna dashe a kan kaki irin na kyandir, lokacin da gyara ke da sauƙi. Ta sa na ƙirga daga sittin zuwa saba'in don ta ji yadda nake furta "s", na kuma roƙa ta bar ni na karanta Fatiha. Ta saurara, ta rage tsayin kaɗan, na sake karantawa. Allah Ya saka mata da alheri.

Aikin na buƙatar haƙuri. Sau biyar na je, kullum cikin motar haya ta danfo da cunkoson Oshodi. Makonnin farko dasashina ya yi ciwo har sai da ta goge wurare biyu. Na ƙasan har yau yana ɗan motsi idan ina cin nama, goro kuwa sai an gurza min.

Yanzu ina karatu tun hantsi har azahar ba ƙara, ba gajiya. Da dare nakan cire su na wanke na jiƙa a ruwa, kuma ta ce na riƙa komawa duk shekara, tunda ƙashin dasashi yana raguwa a hankali bayan an cire haƙori.