Invisalign: Robar Jera Haƙora Tana Aiki, Amma da Sharaɗi

Invisalign roba ce garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, wadda kamfanin Align Technology na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1999. Likitan haƙori zai ɗauki hoton cikin baki da na'ura, kwamfuta ta tsara tafiyar kowane haƙori, sannan a ƙera jerin robobi. Kowace ɗaya tana tura haƙori kusan kwata na milimita, ana canza ta bayan mako ɗaya ko biyu.

Inda ta fi ƙarfen jera haƙora, wanda ake mannawa a kan haƙora a haɗa da waya, shi ne tsafta. Mai ƙarfe a baki, abinci na maƙale masa a gefen 'yan ƙarafan da aka manna, ƙwayoyin cuta su taru, tsamin da suke fitarwa ya ci fuskar haƙori. Ranar cire ƙarfen sai a tarar da fararen tabo, wasu ba sa gogewa. Roba kuwa cire ta ake yi, a goge baki da man da ke da fuloraid, a bi tsakanin haƙora da zaren sakace, a mayar.

Wannan sauƙin cirewar kuma shi ne rauninta. Dole ta kasance a baki awa 20 zuwa 22 kullum. Haƙori yana motsawa ne idan matsi ya ɗore a kansa: ƙashin da ke gabansa ya narke a hankali, sabo ya tsiro a bayansa. Da zarar an ajiye roba na tsawon yini, haƙorin zai fara komawa gidan jiya. Alamar ita ce roba ta gaba ta ƙi zama daram, a ga 'yar rata tsakanin bakin haƙori da ita. Idan ratar ta yi yawa, sai an sake ɗaukar hoto an ƙera sabbi, watanni sun ƙaru ke nan. Ruwa zalla kaɗai ake sha da ita a baki. Abin sha mai zafi yana lanƙwasa ta, mai sukari kuma yana kwanciya a ƙarƙashinta inda miyau ba ya kaiwa, daga nan kogo yake farawa.

Batun cewa ba a ganinta, akwai ƙarin gishiri. Yawancin masu sa ta ana manna musu 'yan ƙullutai masu launin haƙori don roba ta samu abin kamawa, kuma na kusa da kai zai gan su. Wani lokaci ma sai an ɗan kankare tsakanin haƙora, ƙasa da rabin milimita, don a samu fili. Cunkoso mara tsanani da ƙananan giɓi, tana gyara su sarai. Juya haƙori mai mulmulallen jiki irin fiƙa, ko rufe babban giɓi bayan an cire haƙori, nan ƙarfe ya fi ta iko.

Ga iyaye: ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7. Dubawa ce kawai, don a gane matsalar muƙamuƙi tun yana girma. Galibi aikin jerawa sai haƙoran dindindin sun fito. Yaron da sai an yi ta fama da shi kafin ya goge baki, roba ba tasa ba ce, kuma ƙarfen ma sai tsaftarsa ta gyaru tukuna.

Kada a fara da dasashi mai zubar jini ko haƙori mai kogo, kuma a nemi hoton saiwoyin haƙora, domin tura haƙori a cikin ƙashin da ciwon dasashi ya ci yana iya sa shi girgiɗi. Shi ya sa robar da ake aikowa gida ba tare da likita ya leƙa bakin ba take da haɗari. Kamfanin SmileDirectClub mai irin wannan ciniki ya rufe a Disamban 2023, masu amfani da shi suna tsakiyar aiki.

Tun ranar farko a tambayi likita ko kuɗin ya haɗa da robar riƙewa ta bayan kammalawa. Ita ake kwana da ita shekara da shekaru, ko a manna siririyar waya a bayan haƙoran gaba, in ba haka ba haƙoran za su sake karkacewa.